Neman Malam Ummaru a Tungar Maƙera

To 'yan aji huɗu, kun ishe ni. Tun randa anka dawo hutu ba ni da sakat. Wurin cin abinci, Tangaraho ka gan shi? Wurin wanki, Tangaraho mi yac ce? Har bakin salga Haliru monita ya tare ni. Baki guda gare ni, ku kuwa ashirin da ukku. Shi yas sa nis samu littahin rubutu nic ce bari in zuba maku labarin dut, kowa shi karanta shi miƙa ma na kusa. Wanda yaɗ ɗiga mani miya a takarda, ni da shi.

Na san 'yan aji ɗaya sai sun sace littahin ga, to bari in hwaɗa masu wa muke magana. Malam Ummaru shi na malaminmu na kimiyya shekara ukku. Shi na yah hidda mu hili wata Talata yaj jera mu layi-layi, mai hula kusa ga marar hula, gaba da baya, dama da hauni, yac ce kowa shi riƙe na kusa da shi tam. Yac ce yanzu ku gishiri na, ƙwayar zarra iri biyu, kowace na jan wadda ba irinta ba tana ƙin irinta. Sannan yat tura layi guda taki ɗaya, sai ga mai hula ya yi ido huɗu da mai hula. Yac ce ku ture juna, munka watse muna dariya. Daga rannan mun san abin da yas sa gishiri ke da tauri, amma in ka buge shi sai shi dare, kuma a miƙe kamar an sa wuƙa. Aji kuwa yal lalace. Abokin amana mu ce gishiri na, mai bin kowa mu ce dalma na.

Saura sati ukku a yi hutu anka aiko mai babanai ba lahiya, yat tahi, shiru. Hedimasta yac ce in an dawo bai dawo ba sai a rubuta Kaduna a nemi wani, kowa kuwa ya san ana iya shekara ana jira, ga jarrabawa ƙarshen shekara. Munka rubuta takardar roƙo, kowa yas sa hannu. Anka ba ni ita don garinmu Rabah ya hi kusa da garinsu Tungar Maƙera, don kuma ni nir rubuta ta kahin ku gama gardamar abin da za a ce. Ba banza kunka sa mani Tangaraho ba.

Babanmu da yaj ji bai hana ba. Cewa yay yi mai bin sawun malaminai ba shi ɓata, amma in na ga hadari ya taso in juyo, ba shi da hannun da za shi ba da aro lokacin shuka. Inna taɗ ɗaure mani ƙuli-ƙuli da dunƙulen hura, da ɗan ƙullin gishiri in kai ma matan gidan Malam, don ba a shiga gidan mutane hannu rabbana.

Na bi wasu masu jakkai 'yan albasa zuwa Wurno. Nis sa takalmin makaranta don burga, kahin hantsi ya ci mani diddige, nit tuɓe niɗ ɗora bisa kai. Babbansu, wani dattijo mai bakin tsiya, yac ce ma 'yan uwanai su diba ikon Allah, boko ya kai matsayin da takalmi ke hawan mutum. Har Wurno Bature suke kirana.

Wurno gidan Goggo Asabe nis sauka, ƙanwar babanmu. Tuwon shinkahwa da miyar sure, sai da nij ji kunyar yawan lomata. Goggo makaɗiyar zare ta, ba ta zama ba abawa a hannu, kuma allin da take shahwa ma yatsunta ita ke yin abinta. Nan nig ga dutsen da take toyawa shi zama allin, cikin ƙwarya, an tono shi daga tudu bayan gari, garai-garai kamar ruwa ya daskare. Nis sa akaihwa nik karce shi, yak karcu. Nis sa wuƙa ta gehe, yaɓ ɓare kamar ganyen littahi. Wallahi nan take nig gane shi, don Malam ya yi muna zancenai amma bai taɓa samun wanda za shi nuna muna ba. Nic ce Goggo kin san abin da yas sa shike ɓarewa haka? Shimhiɗa-shimhiɗa na kamar tabarmi bisa tabarmi, cikin kowace riƙon da ƙarhi, tsakaninsu kuwa ruwa na ke kwance, riƙon nan sako-sako. Tac ce ruwa cikin dutse, ko karatun ya hwara taɓa ni? Niɗ ɗora ɓallin bisa katangar tukunya a wuta nik kihe da tasa. Da nib buɗe ga raɓa ta kama tasar, dutsen ya koma hwari hwat kamar gari.

Goggo tal leƙa tac ce, «Au, zuhwar kake nuhi? Shekara arba'in ina ganin shina zuhwa. Da ka tambaye ni da ba ka ɓata mani icce ba.»

Na waiga in ga ko Malam ya ji wagga, sannan nit tuna inda nike. Niz zaɓi ɓalli mai kyau nin naɗe a tsumma don shi.

Daga Wurno nis samu motar kaya mai zuwa Goronyo. An cusa mu bisa buhunnan kanwa, ni da wasu mata huɗu da wani mahwauci da ragonai. Hanyar ba a cewa komi, in mota ta hwaɗa rami sai mu tashi sama gaba ɗaya mu sauko kowa bisa cinyar wani. Ina gyangyaɗi nij ji ana jan aljihuna. Ragon ga na, ya zaro takardarmu ya cinye kusurwa guda. Haliru, kai da kad dage sai sunanka ya zo ƙarshe da manyan baƙaƙe don kai na monita, sunanka na cikin rago. Mahwaucin yac ce in kwantar da hankali, jibi za a yanka shi, in ina so in zo in karɓa.

Goronyo garin kihi. Tun ba ka shiga ba hancinka ya shiga. Na kwana zauren wani malami abokin babanmu, anka ba ni dambu da kan tarwaɗa. Da nic ce Tungar Maƙera za ni, sai kowa yac ce wurin ɗan Sarkin Maƙera da yab baro aikin gwamnati? Wasu na cewa ɗan halak na, wasu na cewa wauta ta. Ban ce komi ba, amma ban ji daɗin yadda suke cewa ya baro ba, kamar magana ta ƙare.

Da sahe niƙ ƙetare gulbin Rima da ƙahwa, ruwan rani, iyakarsa ƙugu. Kaya bisa kai, ina tahiya ina jin kaina, sai santsi yak kwashe ni. Na ceci takarda da haƙori. Dutsen Goggo ya jiƙa bai ko nuna ba. Gishirin Inna kuwa, da nik kwance ƙullin can ƙetare, tsumma na kawai mai ɗanɗano. Na san bayanin sarai, ruwa na shiga tsakanin iri biyun ga shi janye kowace ƙwaya gehe har jerin shi watse, amma bayani ba shi zama tsaraba.

Yini guda da rabi nit taka arewa. Gonaki an share an ƙone, kowa na ɗaga kai shina diban gabas. Tungar Maƙera ba ta kai unguwa guda ta Rabah ba. Maƙerar na bakin gari, rumhwa ta kara, ga kayan noma, kalmuna da sungumai da galmuna, jibge a gehe suna jiran gyara, tuli ya kai gwiwata. Wani tsoho na kwance bisa tabarma dab da uwar maƙera, wannan ƙarhen da ake ƙira bisanai. Shi na Sarkin Maƙera, baban Malam. Gehen damanai dut ya mutu, hannu da ƙahwa, amma bakin na nan da rainai. Nid durƙusa nig gaishe shi. Yad dube ni sama da ƙasa yac ce ɗaya daga cikin 'yan bokon Ummaru ko? Kun zo ɗaukar mani shi? Nic ce Baba gaisuwa niz zo. Yac ce ƙarya ba ta yi ma yaro kyau, in sha ruwa. Malam dai ba shi nan, ya ƙetara kasuwar hayin Hwaransa neman ƙarhe, sai gobe da marece.

Ban iya jira ba. Wanshekare nib bi masu zuwa kasuwa.

Ku da ke tambayata iyaka, ku daina zaton katanga ko ƙyaure. Wani tulin duwatsu na da wata aduwa, gonar mutum guda ma ta hau nan ta hau can. Sai gaba kaɗan ka ishe rumhwar duwan, masu binciken kaya, da wani gardi, ɗan sandansu, mai doguwar jar hula da jan ɗamara. Hausa tai ta hi tawa, ashe mutumen Madawa na. Yaz zazzage jakata, yag ga dutsen Goggo, yac ce sukari na ko gishiri nike satar shiga da shi? Nic ce ranka shi daɗe ba ko ɗaya. Yal lasa, yat tohe. Ni kuwa bakina yaƙ ƙi zama, nih hwara mai bayanin shimhiɗa da ruwa, ina karce dutsen da akaihwa don shi ga gishiri ba shi karcuwa haka. Yas saurara har nik kai rabi, sannan yac ce ma abokinai wanga ɗan lakwal na na Ingilishi, a bar shi shi wuce kahin kansu shi yi ciwo. Lakwal suke ce ma makaranta, malami kuwa mushe.

Abin da yak kusa kashe ni can mota ta. Su dama suke bi, ba hauni kamar mu ba. Na ji ƙugi bayana niy yi tsalle inda nis saba, ashe gabanta niy yi, sai da wata mai nono taj jawo ni da wuyan riga tana tambayar uwar wa ta haihi wanga. Burodinsu dogo kamar sandar makiyayi, a hammata ake saƙala shi. Ba su san mil ba sai kilomita, don haka kowane gari ya hi nisa a bakinsu. Amma hurar iri ɗaya ta, gaisuwar iri ɗaya, zagin ma iri ɗaya.

Na zaga kasuwar sau biyu ina neman hwarar riga da baƙin takalmi irin na Malam. Sau biyu ina wuce wani mutum tsugune wurin 'yan tsohon ƙarhe, da ɗan wando iya gwiwa da walkin hwata, shina ɗaukar guntayen sihirin mota, ƙarhen nan na ƙarƙashi da ke tare mata girgiza, shina ƙwanƙwasawa shina kai kunne. Na ukku nij ji ya ce, ba tare da ya ɗago ba, «Sanda, in ka gama yawon buɗe ido zo ka riƙe mani jaki.»

Na tanadi gaisuwa da Turanci tun Rabah. Ko kalma ban tuna ba. Nid durƙusa nan cikin ƙarahuna ina dariya kamar wawa. Ya rame, hannuwanai dut tabon wuta, amma girar nan guda da shike ɗagawa in mutum ya yi shirme tana nan. Nim miƙa mai dutsen. Yaɗ ɗaga shi ga rana ya daɗe shina kallo, yac ce ashe Wurno na, ya bi ta nan sau nawa bai sani ba.

Hanyar komawa tambaya yay yi ta yi. Wa ke riƙe da mabuɗin kabad ɗin kwalabe? An gyara ma'aunin nan da Isa yak karya? Garba ya daina rubuta amsa bisa cinya? Sai da munka isa gida, bayan la'asar, nib ba shi takarda. Yak karanta tsaye, yab bi sunaye da yatsa guda-guda, yac ce ina Haliru? Nib ba shi labarin rago, yay yi dariya har da riƙe ciki. Sannan yan ninke takardar yas sa cikin walki, yan nuna mani tulin kalmunan nan yac ce gobe da aiki.

Ni sai nih hwahimci abin da nike so in hwahimta, wai in tulin ga ya ƙare za shi biyo ni. Don haka wanshekare tun da sassahe ni na bisa zuga-zugi, ina zuga kamar an biya ni. Manoma na zowa suna zama bakin rumhwa, ba mai cewa a yi sauri, amma kowa na diban sama. Tsoho daga tabarma shina ba da umurni, wuta ta yi yawa, juya shi, kai Ummaru masaba ba alli ba ta. Malam shi ce to Baba. Mutumen da Hedimasta da kanai ba shi katse mai magana.

Kahin azahar ya ƙera bakin sungumi huɗu daga sihirin da munka kawo, na shuka, wanda kowa ke jira. Yam maida su wuta gaba ɗaya har sunka yi ja, yat tura su cikin toka. Daidai nan tsoho yan nemi a kai shi bayan gida, Malam yaɗ ɗauke shi a kahwaɗa sunka shiga. Ni kuwa na san maƙeran Rabah tun ina yaro, in sun gama abu cikin ruwa suke tsoma shi, cuu, an wuce wurin. Nic ce wagga toka ɓata lokaci ta. Niɗ ɗauki awartaki niz zaro su guda-guda nit tsoma cikin kaskon ruwa. Na ukku nij ji ya yi ƙas a cikin ruwan. Ban kula ba, nij jera su bisa ƙasa ina jiran yabo.

Mamman Dogo, mai sungumi na hwarko, yana nan zaune. Yaɗ ɗauki nashi yas sa ma ƙota, yak kai ma ƙasa sara guda don gwaji. Bakin yat tashi biyu, rabi ya yi tsalle har cikin rumhwa. Malam ya hito daidai nan. Yad dubi guntun, yad dubi kaskon ruwa, yad dube ni, gira tat tashi.

Tsoho da anka maido shi yaj ji abin da yah hwaru, yac ce a tambayi ɗan boko ko a makarantarsu ruwa ake tsoma yaro in ya gama karatu. Mamman Dogo bai yi dariya ba. Cewa yay yi shi gonatai ta hi ta kowa nisa, in ruwa ya sauka ba shi da abin shuka, 'ya'yanai takarda za su ci? Na so ƙasa ta tsage.

Malam bai yi mani hwaɗa ba, da ma ya yi. Yac ce ma Mamman Dogo shi ɗauki sungumin gidansu shi riƙe. Sannan yam miƙo mani guntun yac ce in dibi bakin karayar in hwaɗi abin da nig gani. Nic ce ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, toka-toka, suna ƙyalli kamar yashi mai laushi. Yac ce ƙarhe ma jere shike kamar gishiri, bambancin shi riƙon gayya gare shi, kowa na riƙe da kowa, in ka bugi layi sai shi zame shi sake zama, shi yas sa shike lanƙwasa bai dare ba. Ƙarhen da maƙeranku na Rabah ke tsomawa gawayin cikinai kaɗan na, ruwa ba shi yi mai komi. Na mota kuwa da gawayi sosai cikin jikinai. In ya yi ja, jerin na buɗewa gawayin shi shige tsakani. In ka bar shi shi huce sannu cikin toka, gawayin na samun lokacin hita shi koma gehe. In ka tsoma shi ruwa ka rutsa shi a ciki, layi dut ya cije, ba mai zamewa.

«Ka ba shi tauri, Sanda, ka hana mai haƙuri. Zo ka ga yadda ake roƙonai.»

Biyu sun tsira ba su tsage ba. Yag goge bakinsu da dutse har sunka yi haske, yar riƙe su nesa-nesa da garwashi, yac ce in sa ido. Launi yah hwara tahiya bisa ƙarhen, hwarko kamar karan dawa busasshe, sannan kamar zuma, sannan shuɗi irin na rini. Nan yaj janye. Ɗan ɗumin nan, in ji shi, ya isa gawayin shi ɗan motsa, cijewar ta saki. Yak kai ma dutse sara, dutsen na yaɓ ɓalle. Tsoho yac ce shi tun ba a haihi Ummaru ba shike yin haka, bai taɓa jin an yi ma abin wa'azi ba. Malam yac ce ai Baba kai kak koya mani, Turawa suna kawai sunka ba ni.

Biyun da nil lalata kuwa sun ci rabin ƙarhe mai kyau. Kwana biyu munka ƙara.

Ran da nib bi shi ɗebo gawayin kirya, mu biyu kaɗai a daji, nit tambaye shi kai tsaye. Nic ce Malam in tulin ya ƙare za mu tahi? Yas sauke buhu yaz zauna bisa kututture. Yac ce tulin ba shi ƙarewa, in na shuka ya wuce na noma ya zo, in na noma ya wuce ga lauje ga magirbi. Ƙauye shidda ke kawo aiki maƙerar nan, wani maƙeri sai an yi yini guda. Wanai ya rasu, ƙanenai na can kudu, Kurmi, shekara biyat ba labari. Kuma a gidansu ba a barin wutar maƙera ta mutu mai ita na da rai shina kallo.

Nic ce to mu hwa? Muryata ma ta ba ni kunya.

«Ku kuna da littahi, kuna da junanku. Shi ni kaɗai gare shi.» Yam murza guntun gawayi a yatsa. «Kada ka zaci ba ni so. Kowace Talata in rana ta kai inda take kaiwa, sai in ji hannuna na neman alli. Ka ce masu ba ni zowa. Kada ka yi masu kwana-kwana.»

To kun ji. Ga amsar da kuke ta bina da ita, ban rage ba ban ƙara ba.

Amma da munka dawo yat tambaye ni ko hannun nan nawa na nan da saurinai. Yas sa anka nemo takardun buhun siminti daga wurin mai shago, niy yayyanke su, yac ce wani shi kama zuga-zugi, ni in kama hensir. Darussan da sunka rage muna dut, tun daga kai. Shina duka shina magana, ina tsugune ina rubutu, in masaba ta cinye kalma in ce Malam mi kac ce, shi maimaita da ƙarhi har manoma su ɗauka da su shike. Abin da yas sa bakin hensir ke zamewa bisa takarda alhali shi da lu'ulu'u zarra iri guda na, ɗaya shimhiɗa-shimhiɗa, ɗaya kowace ƙwaya ta kama huɗu ba ta inda za ka shiga. Abin da yas sa man shanu ke narkewa a rana yashi kuwa ko a wutar maƙera ba shi ji. Abin da yas sa waya ke ɗaukar lantarki gishiri busasshe ba shi ɗauka sai an jiƙa shi. In ya kawo misali sai shi ce wanga na Garba na, ka ja mai layi, nan shike hwaɗuwa kullum. Mamman Dogo ma ya huce, har shina tambaya ko kanwa da gishiri dangi na. Kwana shidda, yatsana babba ya yi kanta, ban taɓa jin daɗin karatu kamar haka ba, kuma kowane shahi nig gama sai in ji kamar an rage mani wani abu.

Rana ta bakwai da la'asar muna kan ƙanƙara. Shina cewa kusan komi in ya daskare nutsewa shike cikin ruwanai, ita kuwa sai ta taso sama, don in ruwa ya daskare ƙwayoyinai na jeruwa ta yadda... Sai iska tat taso ta yi sama da kara biyu na rumhwa. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Kahin in danne takardu ruwa ya sauko, na hwarko, mai ƙamshin nan. Malam yaɗ ɗauki tsoho yay yi cikin gida da shi, ni nir ruhe wuta da kasko. Ko da anka ɗauke, mutane sun cika bakin rumhwa, kowa da abin da yas saki ko yak karye, gobe shuka. Yay yi ta aiki har duhu ya hana.

Da asuba na tuna maganar babanmu, dole in juya. Na ishe shi ya riga ya hura wuta, mutum biyat na jira. Nic ce Malam ƙanƙara hwa, ta yadda mi? Yaɗ ɗago da ƙarhe ja a awartaki, yab buɗe baki, tsoho yac ce Ummaru shina hucewa. Yam maida kai yak kai duka. Tsakanin duka da duka yac ce in gaida Goggo mai dutse, in gaishe ku kowa da sunanai, in yi sauri kahin gulbi shi kawo. Har nik kai bakin gonaki ina jin masaba.

Gulbin ya kawo, da jirgi niƙ ƙetare. Na ishe an gama shuka gonarmu ta tudu ba ni, babanmu kwana biyu bai amsa mani gaisuwa da kyau ba.

Takardun na cikin akwatina, suna warin hayaƙi, wani wuri sai ni zan iya karantawa. Litinin bayan la'asar ku zo bayan ɗakin kwalabe, na roƙi Hedimasta mabuɗi ya ba ni. Ni zan tsaya gaban allo, wanda yay yi dariya shi ya sani. Za mu bi su shahi-shahi har mu kai inda yat tsaya. Rabin shahin nan na bar shi ba rubutu. Na san akwai amsar a laburare, Isa ma ya ce shi ya sani, amma kada wanda yah hwaɗa mani tukuna. In an yi hutun kaka gulbi ya janye, zan koma in ji ta daga bakinai.